Abin da ya faru a Penn State har yau yana ci min rai

Jama'a wallahi duk sanda na tuna maganar jami'ar Penn State ta Amurka sai raina ya ɓaci, kuma ba Jerry Sandusky, wanda ya yi ta lalata da ƙananan yara maza, kaɗai ke ɓata min rai ba, shi dai mugu ne an riga an sani, waɗanda suka ji suka gani suka kama bakinsu su ne suka fi tsaya min a wuya.

Mutumin nan a da mataimakin koci ne na ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin na Amurka ta jami'ar, a garin da rayuwar kowa ta rataya a kan wasan, filinsu kaɗai yana cin mutum sama da dubu ɗari. A 1977 ya buɗe gidauniya mai suna The Second Mile wai don taimakon yara marasa galihu, ashe nan ya mayar wurin farautarsa. Yaron da ba uba a gida, ka ba shi kyauta, ka kai shi kallon wasa, ka shigar da shi ɗakin 'yan wasan da yake gani a talabijin, ta ina zai buɗe baki ya ce ka cuce shi? Wa ma zai yarda da shi?

Tun 1998 wata uwa ta kai ƙara cewa ya yi wanka da ɗanta, aka bincika aka rufe maganar. A 2001 wani matashin mataimaki, Mike McQueary, ya shiga ɗakin canza kaya da dare ya gan shi da yaro ɗan kimanin shekara goma a wurin wanka, washegari ya je ya faɗa wa babban koci Joe Paterno, Paterno ya miƙa wa na sama, su kuma suka ce kawai Sandusky ya daina kawo yara harabar makaranta. Shi ke nan fa. Ba wanda ya kira 'yan sanda, ba wanda ya nemi yaron nan ya ji ko wane hali yake ciki. Sai da aka ƙara shekara goma kafin a kama Sandusky a Nuwamban 2011, ku lissafa min yaran da suka faɗa hannunsa a tsakanin nan.

A 2012 kotu ta same shi da laifi 45 a kan yara goma, aka yanke masa shekara 30 zuwa 60, jami'ar ta sha tarar dala miliyan 60, aka cire mutum-mutumin Paterno daga gaban filin.

Amma daren da aka kori Paterno shi ne ba zan manta ba. Dubban ɗalibai suka fito titi suna ihu har da kifar da motar gidan talabijin, duk don an taɓa kocinsu da ya shekara 46 yana jan ragamar ƙungiyar. Na yarda daga baya an yi taron kunna kyandir saboda yaran, amma fushin farko ai mun ga inda ya nufa. Mutanen gari sun ji kamar su aka tona wa asiri, sai suka nemi wanda za su huce a kansa. Yaron da ƙararsa ta tayar da binciken tun 2008, wanda ya kamata a rungume shi a ce masa sannu, tsangwamar 'yan makarantarsu ta kai sai da ya bar makarantar yana ajin ƙarshe na sakandare.