A kai yara wajen kakanninsu kafin hutu ya ƙare

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Kun san irin fim ɗin nan mai sanyaya jiki: an kai yaro hutun makaranta gidan wani tsoho, da fari ba sa jituwa, daga baya su shaƙu, ranar rabuwa kowa na share hawaye. Mukan kalla mu ma mu yi kuka, ba laifi. Abin da ke damuna shi ne, da yawa cikin masu kukan nan muna da tsohuwa a unguwannin Kumasi, Aboabo ko Asawase ko Tafo Zongo, wadda rabonta da ganin jikokinta tun ƙaramar Sallah. Ga dogon hutu ya zo, an rarraba yaran tsakanin darasin hutu da waya.

Manzon Allah (SAW) ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab. In zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Wata rana kuma ya sumbaci jikansa Hasan, sai Aƙra'u ɗan Habis ya ce shi 'ya'yansa goma, bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya dube shi ya ce: “Wanda ba ya jin ƙai, ba za a ji ƙansa ba.” Duka biyun suna cikin Bukhari da Muslim. To ta yaya kaka zai raya wannan sunna in ba a kawo masa jikan ba?

Kuma ba tsofaffin kaɗai ke asara ba. Yaro nawa ne a Kumasi yau ya san abin da ya kawo kakanninsa ƙasar Asante? Fataucin goro ne ya jawo da yawansu daga Kano da Katsina, ta hanyar garin Salaga da ke arewacin Ghana, kuma bayan yaƙin Salaga na 1892 fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Akra. Wannan labarin a bakin Baba tsoho yake, tare da sunan gidanku na asali da malamin da ya biya masa allo. A wajen kaka yaro ke koyon durƙusawa in zai gaida babba, da addu'ar barci, da Hausar da ta fara kuɓuce wa yaranmu tsakanin Turanci da Twi, yaren Asante. Ga wasan jika da kaka: tsohuwa ta ce “mijina ya zo, me ka kawo mini?”, yaro ya sunkuyar da kai yana murmushi. Wallahi wannan wasan magani ne ga mai shekaru.

Na san akwai uzuri. Ɗakin zango ƙunci gare shi, ga sauron damina, ga tsoron kada tsohuwa ta sangarta yaro. A tafi da gidan sauro, a haɗa da kuɗin cefane don kada a ɗora mata nauyi. In mako bai samu ba, yini ɗaya ma ya isa: su karya da koko da ƙosai tare, su raka tsoho masallacin Juma'a. Waɗanda ke Jamus ko Amurka, ku kira ta bidiyo ku miƙa wa yaran wayar, ku ƙyale su su yi hira ko da Hausarsu a karye take.

Wanda kuma iyayensa suka riga mu gidan gaskiya, akwai gwaggo, akwai kawu, akwai aminan mahaifi. Muslim ya ruwaito cewa sada zumunci da masoyan mahaifi yana cikin mafi girman biyayya. A kai yaran can.

Allah ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu.