Tuban Mai Awo Da Haƙƙin Mutane

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Galibin gajerun labaran da ake turo mana a WhatsApp da Facebook hanyarsu ɗaya ce idan an zo sauya halin mugu. Zai yi ta zaluncinsa har sai mota ta kife da shi a hanyar Zariya, ko gobara ta lashe shagonsa. Sai kuka, sai "ku yafe mini", kowa ya yafe, labari ya ƙare. Wannan salon yana damuna ƙwarai, domin yana koya wa yaranmu cewa ba a tuba sai an ji jiki. Gaskiya ne Allah Yana karɓar tuban bawa matuƙar bai kai ga gargara ba, kamar yadda ya zo a hadisin Tirmizi. To amma wa ya yi maka alkawarin za ka samu wannan jinkirin? Fir'auna sai da ruwa ya ci ƙarfinsa ya ce ya yi imani, aka ba shi amsar da ke Suratu Yunus, aya ta 91: sai yanzu, alhali ka yi ta saɓo a baya?

Akwai wani labarin da ya saɓa wa wannan hanya, a kan wani mai awo a kasuwar Kawo. Mudu biyu gare shi: na saye cikakke, na sayarwa kuwa an bubbuge gindinsa ya shige ciki. Babu abin da ya same shi, kasuwa ma sai haɓaka take yi. Ran nan bayan magariba yana cin tuwo a tsakar gida, 'yarsa ƙarama tana bitar Suratul Muɗaffifina da fassarar da aka ba su a Islamiyya: waɗanda idan sun auna daga mutane suna cikawa, idan su za su auna wa mutane sai su tauye. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, wai da gaske akwai masu yin haka?" Ya ce akwai. Lomar da ke hannunsa ba ta shiga ba.

Abin da ya burge ni, marubucin bai mayar da shi waliyyi da safe ba. Washegari ma da tsohon mudun ya auna wa mai sayen farko, hannu ya riga ya saba. Sai dai daɗin cinikin ya tafi. Da kyar ya jefar da mudun, ya zaci magana ta ƙare. Ashe akwai wata tsohuwa mai ƙosai a Hayin Banki da ta shekara da shekaru tana awon wake a wurinsa. Ya zauna ya yi lissafi, ya ɗora buhu a Keke Napep ya kai mata har gida. Ya ce, "Iya, wannan haƙƙinki ne, na daɗe ina tauye miki." Ba ta sa masa albarka ba. Ta karɓa, ta faɗa wa maƙwabta, masu sayensa suka ragu. Bai koma ga tsohon mudu ba.

Wannan shi ne abin da Imamu Nawawi ya kawo a babin tuba na Riyadus Salihin: barin saɓon, nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. Idan kuwa laifin ya shafi ɗan Adam, sai a ƙara na huɗu, wato kuɓuta daga haƙƙinsa. A nan ne da yawanmu muke tsayawa. Muna zubar da hawaye a tahajjudin goman ƙarshe, amma yadin da tela ya rage yana nan, kuɗin kayan gyaran da bakanike ya ƙara yana nan, gonar marayu tana hannun baffa. Manzon Allah (SAW) ya ce matsiyacin al'ummarsa shi ne mai zuwa ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare, sannan a jibga masa zunubansu. Muslim ne ya ruwaito.

Ɗan uwa, idan mai haƙƙin yana raye ka kai masa, ko ta hannun wani idan kunya ko tsoron fitina sun hana ka. Idan ya rasu, magadansa za ka nema. Idan ka yi iya ƙoƙarinka ba ka same su ba, malamai sun ce ka yi sadaka da kwatankwacinsa da niyyar ladan nasa ne, in ya bayyana daga baya bai yarda ba, ka biya shi, ladan sadakar ya dawo gare ka.