Sauka a Jamus ranar hutun Ista

Abin takaici ne mutum ya sauka daga jirgin ƙasa a wani birnin Jamus ranar Juma'ar Ista, ya tarar da gari kamar an share. Cikin kwana 4 na hutun, Juma'a zuwa Litinin, Asabar kaɗai ce yawancin shaguna ke buɗewa, kuma babu mai gaya wa baƙo haka lokacin da yake sayen tikiti.

Bas da taragon cikin gari sun koma jadawalin Lahadi, jiran minti 10 ya zama na 20 ko 30. Irin wannan dogon hutu kuma ake ware wa gyaran layin dogo, sai a sauke ka a wata ƙaramar tasha, a ce ka ƙarasa da bas, kana jan akwati.

Otal ba ya ba da ɗaki sai wajen ƙarfe 3 na rana, akwatunan ajiyar kaya na tasha sun cika, wasu ma sai da sulalla. Cikin kantunan kayan abinci, kusan na babbar tasha ne kawai a buɗe, layi har waje, burodi ya ƙare. Mai neman magani kuwa sai ya karanta takardar ƙofar rufaffen kemis, ya gano wanda ke aiki ranar.