Kyamara tana ganin hayaƙi, amma ba ta ɗaukar guga

A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai kyamarori sama da 1,000 da aka kakkafa a kan tsaunuka suna gadin daji dare da rana. Tun 2023 aka haɗa su da ƙirƙirarriyar basira mai bambance hayaƙi da hazo, ta tsegunta wa 'yan kwana-kwana, wani lokaci tun kafin kowa ya buga waya. Abin burgewa ne, ban musa ba.

To amma da wuta ta tashi a Palisades da Altadena, a yankin Los Angeles, a Janairun 2025, ai an gan ta da wuri. Busasshiyar iskar nan da ake kira Santa Ana ce ta taso kamar za ta tuge duwatsu, ta tilasta wa jiragen feshin ruwa sauka a daren farko, famfunan unguwannin kan tudu kuma suka ƙafe. Gine-gine fiye da 16,000 suka ƙone, mutum wajen 30 suka rasu. Shekaru biyu na ruwa mai yawa sun tsirar da ciyawa, sai fari ya biyo baya, ta bushe ƙayau tana jiran ƙyastu. Wannan lilo tsakanin ruwa da fari shi ɗumamar yanayi ke ƙara zafafawa.

A ganina an fi zuba kuɗi a inda za a ɗauki hoto a yanka kirtani. Wutar da ta cinye garin Paradise na Kalifoniya a 2018, ta kashe mutum 85, daga tsohon layin lantarki ta tashi, wani ƙugiyan ƙarfe da ya shekara kusan ɗari yana cinyewa ba a canza shi ba. Wane tauraron ɗan'adam ne zai ɗaure maka ƙugiya?

Inda fasaha ta yi rana shi ne Arnhem Land a arewacin Ostireliya. 'Yan asalin ƙasar sun koma ga dabarar kakanninsu: su cinna ƙananan wutace a farkon rani, ƙasa na da sauran laima, don babbar wuta ta rasa abin ci daga baya. Taswirar tauraron ɗan'adam ke nuna musu inda ya ƙone da inda ya saura, jirgi mai saukar ungulu ya kai su inda ƙafa ba ta zuwa. Na'urar 'yar aike ce, shawara ta masu daji.

Mu ma ba baƙin abin ba ne. Da hunturu ya kama, yaro mai neman gafiya ya isa ya raba makiyayi da abincin garkensa na shekara. A arewacin Tahoua da Dakoro mutane na fita da manjagara su share dogayen layuka a makiyaya, wuta ta zo ta tsaya. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, kuwa tana wallafa wuraren da wuta ke ci kyauta a shafinta na FIRMS, jajayen ɗigo a kan taswira. Sai dai mai shanun da ke bayan Abalak ba ya buɗe taswira. Rediyo yake saurara da saƙon murya, da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci, kuma nan ya kamata jan ɗigon ya isa kafin iska ta juya.