Jirgina, jakin Baba da bido 12

Tunda bidiyon faɗuwar ƙaramin jirgina mai rimot ya gama zaga salulolin Damagaram, har gwaggona ta Matamai ta kira tana tambaya ko na ji rauni, gara ku ji labarin daga bakina. Abin da kuka gani bai kai minti ɗaya ba, kuma wanda ya ɗauka ya yanke wurin da na yi abin kirki. Za mu zo kansa.

Jirgin dai kun san shi, ni na ƙera abina da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firiji. Inji da farfela da batir na sa aka kawo mini ta Kano. Jirgi ba shi da laifi ko kaɗan. Rimot ne, ko in ce wanda ya zaɓi rimot.

Ɗan yayata, wannan mai shekara 13 da ke kwance salular uwarsa ya mayar, tun farko ya ce mini: "Kawu, ka sayi FlySky FS-i6. Tasha 6 ce da shi, ƙananan batura 4 yake ci irin na rediyo, kuma masu koyo da yawa da shi suke farawa." Ya lissafa mini da yatsu cewa jirgi irin nawa tasha 4 kawai yake bukata: ɗaya ta totur, ɗaya ta ɗaga hanci da sauke shi, ɗaya ta karkata fikafikai, ɗaya ta juya wutsiya. Saura 2 ma kyauta ne. Na ce to, na ji. Da dare ina kwance ina latse-latse sai na ci karo da wani mai tasha 16, da allo mai launi da ake taɓawa kamar salula, da makunnai birjik a kafaɗunsa kamar gaban babbar mota. Har magana yake yi. Na hango kaina tsaye a fili da shi rataye a wuya, ƴan fadarmu ta shayi suna kallo. Kuɗinsa ba zan faɗa ba, uwargida tana karanta abin da nake rubutawa, kuma abin da ta sani daban ne.

Wajen biya aka ce in zaɓa: Mod 1 ko Mod 2. Ku faɗa mini tsakani da Allah, wa zai ga na ɗaya ya ɗauki na biyu? Ni da tun a lakwal ban taɓa yin na ɗaya ba, yau ga shi ana ba ni a farashi guda. Na danna 1.

Ashe ba daraja ba ce, tsarin sanduna ne. Rimot yana da ƴan sanduna biyu, ɗaya ƙarƙashin kowane babban yatsa. A Mod 2, wanda ya fi yawa a Amurka da yawancin bidiyon koyarwa na intanet, totur yana hagu, ɗaga hanci yana dama. A Mod 1, wanda aka fi sani a Japan da Ostireliya, an musanya su: totur a dama, hanci a hagu. Karkata da juya wutsiya kuwa suna nan inda suke a duka biyun, shi ya sa mutum zai iya ruɗar kansa ya ce bambancin ba yawa. Ni kuma duk makonnin da na yi ina jiran kaya, kullum bayan isha ina kan wasan koyon tuƙi a salula, kuma a Mod 2 yake. Sai da yatsuna suka haddace shi kamar Fatiha.

Ranar da kaya suka iso yaron ya taɓa sandunan sau ɗaya ya ɗago kai. Sandar totur ita ce ba ta da sifirin, inda ka bar ta nan take tsayawa, kuma tawa a dama take. Ya ce: "Kawu, a buɗe bayansa a mayar da sifirin ɗaya gefen, a canza a allo, shi ke nan." A buɗe! Abin da ko ledar allonsa ban ɓare ba. Na ce masa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, hannu ai sabawa yake. Ya ce to Kawu. Wannan "to Kawu" ɗin har yanzu ina jin ta a kunnena.

Kwana uku muka yi muna ɗaura aure tsakanin rimot da ƴar na'urar da ke cikin jirgi mai karɓar umarni, don sai yarensu ya zo ɗaya suke jin juna. Wannan ma yaron ne ya ƙarasa, amma ni na riƙe tocila.

Lahadi bayan la'asar muka fita hanyar Mirya, can bayan duwatsu, nesa da filin jirgi da barikin soja, don ba ni da sha'awar yin hira da jandarma. Mutum uku na gaya wa. Da muka isa na tarar da babura sun fi 20, da yara, da mai rake, da wasu mata masu dawowa daga itace da suka sauke kayansu suka zauna. Taubashina ne ya yi shela a fada cewa bawansa zai tashi sama.

Maimakon in ji tsoro sai kaina ya ƙara girma. Na sa baƙin tabarau, na rataya rimot a wuya. Wani ya tambaya ko ba zai shiga tashar rediyo ba, sai na buɗe musu karatu: cewa na da, masu dogon eriya, a kan megahaz 35 ko 72 suke aiki, in mutum biyu suka haɗu a zango ɗaya sai jirgin wani ya bi umarnin wani, na yanzu kuwa gigahaz 2.4 ne, yana tsalle daga zango zuwa zango, ba mai shiga masa. Na ce ana fara kunna rimot kafin jirgi, ba a juya wannan. Duk gaskiya ne, duk daga bakin yaron na ji. Na kunna, wata mata ta yi magana daga ciki da Ingilishi. Ni Faransanci na karanta, ban ji abin da ta ce ba, amma na gyaɗa kai na ce: "Ta ce komai lafiya." Daga baya na ji cewa gargaɗi take yi mini totur ba ya ƙasa.

Yaro ya ɗaga jirgi ya fuskanci iska. Na tuna, na tura sandar dama gaba, inji ya ɗauki kuka, yaro ya wurga shi. Jama'a, ya tashi. Wallahi ya tashi. Wannan ne wurin da aka yanke a bidiyo. Ya miƙe sama fari tas cikin hazon hunturu, na karkata shi dama ya bi, na ji ƙwalla ta cika mini ido a bayan tabarau. Daƙiƙa wajen 15 ni matuƙi ne.

Sai ya gama kwana ya juyo ya nufo mu. Abu biyu ba a jin su sosai a salula. In jirgi ya karkata hancinsa sauka yake. In kuma ya fuskanto ka, damarsa ta koma hagunka. Na so in kauce da shi hagu ya ƙara shigowa. Yana tahowa da gudu daidai kan mai rake, ƙasa-ƙasa. Zuciyata ta ce rage wuta. Kaina ya san wuta tana dama. Amma ba a shawarci kaina ba. Yatsan hagu, wanda ya yi wata biyu yana haddar Mod 2, ya finciko sandarsa baya har ƙarshe.

Sandar hanci ce. Jirgi da cikakken totur ya ɗaga kai ya yi sama, ya kifa, ya zagayo ya yi adungure cif a sararin Allah. Saboda hannuna ya sandare ban saki ba, ya sake yin na biyu. Fili ya kaure. Yara na tsalle, wani ya yi kabbara, ɗaya daga cikin matan itace ta rangaɗa guɗa. Mai rake da ya riga ya kwanta a ƙasa ya tashi yana tafi. Kuma a nan ne na yi abin da ya fi komai ci mini rai in na tuna: na waiwayo, na kalli jama'a, na ce, "Wannan ƙaramin abu ne."

Da na mai da ido hancinsa yana kallon ƙasa. Ɗaga shi, ɗaga shi! Yatsan dama ya ja baya. Totur ne. Inji ya mutu ɗif. Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba, har tafin ya tsaya a tsakiya. Jirgi ya sulalo ba ƙara, ya wuce kan babura, ya nufi hanyar da amalanke ke bi. A kan hanyar kuwa ga wani dattijo tafe a hankali da amalanken jaki, bido rawaya 12 cike da ruwa, an ɗaure da igiya. Bai san ana duniyar jirage ba.

Da na bar shi haka, da wataƙila ya sauka cikin yashi salin-alin. Amma na ce sai na cece shi. Na tura duk abin da ke turuwa gaba. Hagu ta ƙara dunƙufar da hanci, dama ta tayar da inji da dukkan ƙarfinsa daidai lokacin da yake gab da kunnen jaki. Ku ƙaddara zanzaro mai girman shaho ya yi maka ihu a kunne. Jirgi ya daki bido na sama, fiffike ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Jakin nan da na tabbata tunda aka haife shi bai taɓa sauri ba ya zabura kamar dokin hawan salla. Igiya ta kwance. Bido suka dinga faɗowa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka toshe bakinsu da leda suna ɓulɓula cikin yashi. Ku ƴan garin nan ba sai na gaya muku mene ne ruwa a Damagaram ba. Ka taka wa mutum ƙafa ya yafe, amma ruwan da ya yi layi ya ɗebo?

Matar cikin rimot ta zaɓi wannan lokacin ta sake magana. Wai sadarwa ta yanke. Na gode, Hajiya, mun gani.

Dattijon bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Yara suka kamo masa jaki. Ya tsaya ya dubi ruwansa yana shigewa ƙasa, ya sunkuya ya ɗauki fiffiken soso, ya juya shi gaba da baya, ya tako har inda muke. Ya ce: "Salamu alaikum. Wannan na wane yaro ne?"

Ba wanda ya amsa. Ina tsaye da tabarau, da igiya a wuya, da akwati mai walƙiya a ciki. Allah ya gani, na saci kallon ɗan yayata, har hannuna ya fara ɗaga igiyar daga wuya. Yaron ya gane, ya ja da baya taku biyu ya harɗe hannu. Sai muryar taubashina daga bayan salularsa: "Baba, ga yaron nan, mai furfura a gemu."

Dattijo ya dube ni daga hula har takalmi. "Ɗana, kana da iyali?" Na ce ina da su, Baba. "Da ƴaƴa?" Na ce huɗu. Ya jinjina kai ya ce, "Allah ya ba su haƙuri." Ya miƙo mini fiffiken da hannu biyu, kamar mai ba da amana.

Na biya jikka uku, na ruwa da na bido biyu da suka tsage, kuma ni da kaina na taya shi ɗora sauran ina sanye da farar shadda.

Yanzu shi wannan taubashin nawa. Na san wasa ne tsakaninmu, ɗan mace da ɗan namiji, ba a fushi. To amma a yi adalci. Mutumin da ya ari janaretana ranar sunan ƴarsa ya dawo mini da shi ba igiyar tayarwa, ya ce haka ya karɓa. Mutumin da duk shekara shi ne na farko a ƙofata neman kuɗin shara, ni kuwa in na je tasa sai a ce ya tafi Magarya. Mutumin da ya faɗa kwata da babur gaban Kasuwar Dole da rana tsaka, ina wurin, salula tana hannuna, ban ɗauka ba, na ciro shi na kai shi gida a kabu-kabu da kuɗina. Shi ne ya zauna ya yanke tashin jirgi, ya bar "wannan ƙaramin abu ne", ya maimaita ta sau uku, ya haɗa ta da gudun jaki, ya sa kiɗa. Wanda ko lambar matarsa bai iya adanawa ba sai an taya shi. Wa ya yi masa wannan aikin? Ina zargin wani a fada, kuma ya san na sani, don tun ranar ba ya haɗa ido da ni in ana zuba shayi. Shekaranjiya na je sayen burodi a Zongo yaron shago ya ce, "Kwamanda, me za a kawo?" Ban taɓa ganin yaron ba.

Igiyar janaretan ma ba wani kuɗi ba ne, maganar ce dai.

Rimot kuwa ɗan yayata ya zo ya kwance bayansa, ya mayar da sifirin, ya canza a allo. Ko shayin farko bai nuna ba ya gama. Bai ce komai ba, na so ma ya ce. Yanzu yana cikin kwaba ƙarƙashin kayan salla, don uwargida ta fara tambayar me ya sa abin jikka goma yake da allo irin wannan. Inji da batir ba abin da ya same su, farfela ce ta karye. In akwai wanda ya sayi firiji kwanan nan, kar ya yar da soson.