Malam ya tafi, kaset-kaset ɗinsa na nan a kwali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa malaminmu na firamare rasuwa, har an yi sadakar uku. Tun ranar da aka kai shi makwanci nake karanta abin da ɗalibansa ke rubutawa: mai haƙuri ne, ba ya fashin jam'i, bai taɓa cin kuɗin makaranta ba. Duk gaskiya ne, ni ma shaida ne. Amma akwai abin da kowa ya tsallake kamar abin kunya. Malam mutum ne mai son kiɗa da waƙa, so na haƙiƙa, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Yana cikin samarin da suka fito daga kwalejin horon malamai a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE, wato ilimin firamare kyauta ga kowane yaro. Yara suka cika makarantu maƙil, wasu a gindin bishiya, babu benci, littafi ɗaya mutum biyar. Abin da yake da shi alli ne da muryarsa. In zai koya mana karin magana, ba a allo yake farawa ba. Sai ya rero baiti ɗaya daga bakin makaɗan fada, ya ce mu tsinto maganar da ke ciki, sannan ya warware mana ita kalma-kalma. A wurinsa na fara sanin kotso da taushi kiɗan sarauta ne, kalangu asalinsa na mahauta ne, kuntigi kuma mutum ɗaya ke riƙe abinsa babu 'yan amshi. Sunayen sarakunan Gobir da na Zamfara da har yau ban manta ba, ta cikin kirarin da makaɗa ke yi musu suka shiga kaina. To don Allah, ta yaya za a yabi koyarwarsa a share abin da ya koyar da shi?

Na san malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Wanda ya ƙaurace masa don tsoron Allah, ina girmama shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mu gyara tarihin mamaci ya dace da son ranmu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988 saboda ta gane akwai ilimi a bakin makaɗi. Malam ya gane haka tun kafin nan, a ajin da ba shi da tagogi.

Ya yi ritaya a 2011 bayan shekara 35 yana aiki. Dokar 2022 da ta kai wa'adin malamai shekara 40 a bakin aiki ko 65 da haihuwa ba ta riske shi ba. Abin da ya riske shi jiran kuɗin sallama ne da layin tantancewa, dattijo da ciwon ƙafa a rana. Wannan kam ya ci mini rai, har yanzu yana ci.

A shekarun nan rediyonsa ce abokiyar hirarsa. Tun yana saurayi yake naɗar waƙoƙi daga Rediyon Kaduna, kowane kaset ya rubuta masa sunan makaɗi da shekara da biro, da irin rubutun nan nasa mai kyau. Akwai na ƙananan makaɗan karkara da ya ɗauka da kansa a wurin biki da gayya, mutanen da ko hotonsu babu, balle a same su a intanet. Zaren kaset ba ya jure zafi da laima. Damina biyu a ɗakin ajiya ta isa ta cinye aikin shekaru.

Don haka ga roƙona gare ku, 'yan ajinmu da yayyenmu da ƙannenmu da suka bi ta hannunsa. Bayan sadakar arba'in mu je mu gaida Hajiya, mu nemi izininta da na 'ya'yansa. In sun amince, mu haɗa kuɗi a mayar da kaset-kaset ɗin cikin kwamfuta, a bar wa iyali nasu, a kai kwafi Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna, ko sashen Hausa na Jami'ar Bayero, da sunansa a jiki. Wanda ke da rikoda mai aiki ya yi mini magana ta akwatin saƙo.

Allah ya jiƙan Malam, ya gafarta masa, ya ba iyalansa haƙurin rashi.