Muryar da ba ta san girman Baba ba

TANKO: Baba, don Allah ka yafe mini duk abin da na yi maka.

BABA: Me ka sata?

TANKO: Ban saci komai ba. Jiya da dare barci ya fara ɗaukata ke nan, sai na ji murya rangaɗau a kunnena ta ce, "Babanka zai mutu."

BABA: Yaushe?

TANKO: Ba ta faɗa ba.

BABA: To wannan ai ko ni na iya. Kai ma za ka mutu. Ga shi na faɗa maka da rana tsaka, ban hana ka barci ba.

Tanko ya ci gaba da sharɓar hawaye. Dama tun yana yaro inuwar rigarsa ma korarsa take yi.

BABA: Tsaya tukuna. "Babanka" ta ce? Haka gatsau? Babu Alhaji, babu ranka ya daɗe?

TANKO: Haka ta ce.

BABA: Ko sallama?

TANKO: Ba ta yi ba.

BABA: Marar tarbiyya! Kuma ni mai mutuwar ina kwance a ɗakina, ƙofa a buɗe, ta tsallake ni ta je wurin yaro. A gidan nan wa ake fara sanarwa in abu ya taso?

TANKO: Kai ne, Baba.

BABA: To ban karɓa ba. Ba ta biyo ta hanya ba.

Ana cikin haka sai ga Ɗan Boko ya faɗo da jaka a kafaɗa. Rabonsa da gidan har an canza ƙofa bai sani ba, amma saƙon Tanko na shiga wayarsa ya samu mota, ya samu lokaci, ya samu kuɗin mai.

ƊAN BOKO: Kowa ya kwantar da hankalinsa, wannan sanannen abu ne a kimiyya. Idan mutum yana tsakanin barci da farke, ƙwaƙwalwa takan soma mafarki alhali bai gama fita hayyacinsa ba, sai ya ji an kira sunansa ko an yi magana. Gajiya, zazzaɓi, rashin barci da damuwa duk suna ƙara shi.

BABA: Wa ya tambaye ka?

ƊAN BOKO: A 1882 aka kafa wata ƙungiya a Landan don binciken irin wannan. A 1894 suka fitar da rahoto: sun tambayi mutum 17,000, kusan ɗaya cikin goma ya ce ya taɓa jin murya, ko ganin wani abu, ko jin an taɓa shi, idonsa biyu, kuma babu kowa a wurin.

BABA: Mutum 17,000 aka tambaya, ni ba a tambaye ni ba?

ƊAN BOKO: Baba, ai ba a haife ka ba.

BABA: Sai su jira. Gaggawar me suke yi?

ƊAN BOKO: Abin lura shi ne, wanda ya ji muryar kuma aka yi dace uban ya rasu, shi ne zai yi ta ba da labari har jikokinsa su haddace. Sauran da iyayensu suka wayi gari garau, kafin la'asar sun manta. Don haka babu komai. Amma dai, saboda halin rayuwa, takardun gidan nan suna ina?

BABA: Au, har kimiyyar ta ƙare?

ƊAN BOKO: Tambaya ce kawai.

BABA: Suna Landan. Ka je ka tambayi ƙungiyar.

Inna ta leƙo daga ɗaki, riƙe da ƙwayar hawan jinin da aka bari tun safe.

INNA: Malam, kullum ina ce maka in ba ka sha maganin nan zai kayar da kai. Ni da nake da baki da fuska ba ka taɓa tara yara a kaina ba.

BABA: Ke ma ba kya cewa Alhaji. Bakinku ɗaya.

INNA: Sha dai.

BABA: Ba zan sha ba. Ta ɗauka tsoronta na ji? Kai Tanko, kwanta.

TANKO: Baba, ba na jin barci.

BABA: Kwanta na ce! Kai kuma mai Landan, ajiye jakar ka yi masa fifita. In ta zo ka ce mata ranar mutum Allah kaɗai ya san ta, kuma in tana da magana ta zo ta yi sallama ta same ni ido da ido.

TANKO: To, Baba.

BABA: Sannan ka ce in za ta wuce ta biya ta kunnen yayarku. Wata bakwai ke nan tana ce mini babu sabis.